Amsa ga 'yar'uwar da aka cinye wa kuɗin jirgin faɗuwar rana a Zanzibar

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da wannan takaici. Kin ce kuna ƙauyen Paje a Zanzibar da maigida da 'yarku mai shekara 5, wani ya tare ku a bakin teku ya karɓi kafin alƙalami a kan zai kai ku yawon kallon faɗuwar rana a jirgin katako mai tafiya da iska, kuka yi ta jira har magariba bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Yanzu kina tambaya ko ku sake gwadawa, ta hannun wa, alhali ke ba ki iya ruwa ba. Wallahi tun kafin in kai ƙarshen rubutunki raina ya ɓaci, don na san wannan ciwon sarai. Kuɗin ba su ne suka fi zafi ba. Tsayuwar nan a kan yashi cikin kwalliya, yarinya tana ta tambayar ina jirgin, ita ce ke tsaya wa mutum a wuya.

Ki sake gwadawa, amma ki riƙe abu ɗaya: wanda ke sayar miki da tafiyar ba shi ne zai tuƙa ki ba. Waɗannan samarin da ke bin baƙi a bakin ruwa, mutanen garin da kansu papasi suke ce musu, wato kaska, kuma sunan ya dace da aikin. Yawancinsu ba su da jirgi, ba su da ko igiya. Hoton jirgin wani ne a wayarsa. Zai fara da sallama, ya ga hijabi ya ce ai mu 'yan'uwa ne Musulmi, ya ambaci Kano ko wani ɗan ƙwallon Najeriya, ya yi wa yarinya wasa, sai zuciya ta sake. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, amfani da sallama wajen cutar baƙo. Na kirki a cikinsu zai kai ki wurin matuƙi ya cire kamashonsa. Na banza zai karɓi kuɗin mutum goma a yini guda ya koma wani ƙauyen. Akwai kuma na tsakiya, wanda ni na fi jin tsoronsa: zai cika alkawari, jirgi zai zo, amma ya riga ya cinye kaso mafi tsoka, ya bar wa matuƙi abin da bai taka kara ya karya ba. To matuƙin da aka ba ɗan kaɗan me zai yi? Zai ƙara fasinja fiye da ƙima, ya sayi mai daidai na zuwa da dawowa ba ragi, ya ɗage gyaran inji sai wani satin. Kusan duk matsalar da ake samu a kan ruwa daga wannan cinikin na kan yashi take farawa. Ba a tsakiyar teku ake yin kuskuren ba, tun da rana aka yi shi.

Sannan tun asali akwai alamar tambaya a maganarsa. Paje gabas take kallo. Rana a can fitowa take yi daga teku, faɗuwa kuwa a bayanku take yi, ta kan bishiyoyin kwakwa. Mai son ganin rana ta nitse a ruwa sai ya koma ɓangaren yamma. Daga Paje zuwa Stone Town, wato tsohon birnin Zanzibar, kamar awa 1 ne a mota, kuma jirage na tashi daga gaɓar da ke kusa da lambun Forodhani. Nungwi da Kendwa, can ƙarshen arewa, sun fi kyau, ruwan ya fi haske, rana tana faɗawa ta wajen tsibirin Tumbatu, kuma a Nungwi ne ake sassaƙa irin jiragen. Amma daga inda kuke kusan awa 2 ne zuwa, awa 2 dawowa cikin dare da yarinya ta gaji. Ni da zaɓina ne Stone Town zan ce. Kusa da ku akwai Michamvi Kae, ita ma yamma take kallo ta kan ruwan Chwaka, sai dai ruwan wurin ba zurfi, fitar jirgi ta dogara da cikarsa.

Maganar cikar ruwa kada ki ɗauke ta da wasa. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. A farkon watan Musulunci da wajen 14 zuwa 15 ga wata janyewar ta fi tsanani, ke da kanki kin ga yadda ruwan Paje ke gudu ya bar fili. Nungwi da Kendwa abin bai kai haka ba, shi ya sa jiragen yamma suka fi yawa a can.

Lokaci kuma, a nan ake yawan samun saɓani ko da mutumin kirki ne. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. In matuƙi ya ce saa kumi, ba ƙarfe 10 yake nufi ba, ƙarfe 4 na yamma ne. Saa kumi na moja ƙarfe 5, saa kumi na mbili ƙarfe 6. Ki sa ya rubuta miki da lamba a waya, ki kuma duba ko agogonki ya koma na can, don suna gabanmu da awa 2. Rana tana faɗuwa tsakanin 6:15 da 6:45 duk shekara, saboda kusancin wurin da tsakiyar duniya. Tafiya mai kyau tana tashi 4:30, in an makara 5:00. Wanda ya ce ku zo ƙarfe 6 saura, hoto kawai za ku yi ku dawo a duhu.

Ga yadda za ku yi. Ku nemi teburin karɓar baƙi na otal ɗinku su haɗa ku da kamfani mai lasisin hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar. Zai fi tsada kaɗan, amma akwai wanda za a kama in an saɓa. Ku faɗa musu ma abin da ya faru jiya, ku nuna lambar wayar mutumin, don sau da yawa ma'aikatan bakin ruwa sun san fuskokinsu. In kuma kun fi so ku yi ciniki da kanku, ku isa da wuri, maigida ya ce a kai shi wurin nahodha, haka suke kiran matuƙi, ya ga jirgin da idonsa. Ko sisi kada ya fita sai ƙafarku tana cikin jirgi, ko dai rabi a farko rabi in an sauka, da rasit. Kujera a jirgin haɗaka galibi tana kamawa tsakanin dala 20 da 40, shatar jirgi gaba ɗaya ta ninka haka sau da dama, ana kuma yin tayi. Ku riƙe shilin na Tanzaniya ya fi sauƙi, tsofaffin takardun dala ana yawan ƙin karɓarsu.

Ki tambaya ƙarara ko jirgin na kiɗa da giya ne. Da yawan na haɗaka, musamman wajen Kendwa, da ganguna da kwalabe suke fita, in kuwa an bar gaɓa ba inda za ki sauka. Ga iyali irin naku shata ta fi kwanciyar hankali, ko ku haɗu da wasu iyalin ku raba kuɗin. Matuƙan kansu akasari Musulmi ne, in kun ce ba kwa so ba za su ga baƙonku ba.

Yanzu abin da na fi so ki ji. Mafi munin lokaci a wannan tafiyar ba lokacin igiyar ruwa ba ne, bayan rana ta faɗi ne. Kowa ya gama hoto, iska ta kwanta kamar yadda takan yi da almuru, ƙyallen nan mai kama iska da suke kira tanga ya saki, sai matuƙi ya koma kan ɗan injin da ke maƙale a baya. Ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, ya yi tari ya mutu. A can duhu ba ya jira, minti 20 zuwa 25 ne tsakanin jan gari da baƙin dare. Fitilun gaɓa suna nan kina ganinsu amma suna matsawa gefe, don ruwa yana jan jirgin. Yaran jirgi sun daina dariya sun koma magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Wani yana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Jirgin ba fitila, sauran jiragen da ke dawowa da gudu ba sa ganinku. Yarinya ta fara kuka, sanyi ya shiga jiƙaƙƙen kaya, uwa kuma ba ta iya ruwa ba, ta rungume 'yarta tana ƙirga rigunan kariya masu hana nitsewa ta ga guda huɗu ne ga mutum ashirin. Ba wanda ya biya kuɗinsa don wannan. Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: ko mai ya ƙare, ko ruwa ya shiga man, ko fulogi ya ci wuta ba a canza ba. Duk abubuwan da ake gani tun a gaɓa in an duba.

Don haka maigida ya ce a tayar da injin a gabansa kafin ku hau. Ya ga jarkar mai ta biyu, ya ɗaga ta ya ji nauyi. Ya tambayi fitila, da anga da igiyarta. Rigunan kariya, su maboya suke cewa, a fito da su a ƙirga, kada a yarda da "suna ƙarƙashin benci". Ta yarinya dole ta zama ta yara. Ki ɗaura mata, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama, in ta haura kunnuwanta to a ruwa zamewa za ta yi ta fita. Wadda ke da maɗauri ta tsakanin ƙafafu ita ce daidai. In babu, a fasa, ko nawa aka biya. Ke ma ki sa taki tun kafin a tashi, a ɗaure, ba a riƙe a cinya ba, ko da kowa a jirgin bai sa ba. Ki kuma kalli yadda jirgin ya zauna bayan an gama lodi. In bakinsa ya kusa ruwa ana kuma ƙara mutane, ku sauka. A ruwan da ke gaban Nungwi ne jirgin fasinja na Spice Islander ya nutse ranar 10 ga Satumba 2011 saboda lodi fiye da ƙima, mutanen tsibirin ba su manta ba, ba wanda zai ce kin cika tsoro. Mu ma mun san abin da lodi ke yi wa kwale-kwale a Neja da Kebbi. Ki bar wa otal sunan jirgi da lambar matuƙi, waya da caji a cikin jakar roba mai rufewa a rataye a wuya. Lambar gaggawa ta 'yan sanda 112 ce. In hankalinki bai kwanta ba a tsakiyar tafiya, ki ce turudi, wato mu koma.

Af, kaya. Yawancin wuraren ba gada, ta ruwa ake shiga, wani lokaci har gwiwa ko cinya, sannan a hau ɗan tsani. Doguwar abaya in ta jiƙe nauyi take yi ta naɗe ƙafa. Ki sa wando mai kauri a ciki da riga mai tsayi daidai, hijabi gajere wanda iska ba za ta cika ba, da takalmin roba mai kama ƙafa saboda ƙayar teku da duwatsu. Gwal ya zauna a otal. Ki tafi da ɗan abin rufa na yarinya don dawowa. Ƙananan jiragen ba su da banɗaki, kowa ya zagaya kafin a hau. In za su juya tanga ki sunkuyar da kai ki janyo yarinya, doguwar sandar da ke ɗauke da shi tana zagayowa da igiyoyi.

Jiri da amai: kada ki hau da yunwa, kada kuma ki cika ciki da maiƙo. In maganin jirin tafiya Stugeron ne, awa 2 kafin tashi ake sha, kuma yana sa barci. In akwai juna biyu, ko don yarinya ne, sai an tambayi likita ko mai kemis. Citta tana taimakawa. Ki zauna tsakiyar jirgi, ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ki ajiye waya. A Stone Town in babban jirgin Dar es Salaam ya wuce yana tayar da igiya mai girgiza, ta ɗan lokaci ce, ki dafe kawai. Daga Yuni zuwa Agusta iskar kudu da suke kira kusi tana da ƙarfi, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu kuma ruwan sama ne mai yawa. Ranar da matuƙi ya ce yau ba kyau, ku ji maganarsa. Ku yi magana tun farko a kan mayar da kuɗi in an fasa saboda iska. Gajimare kuwa in ya rufe rana ba mai biyan ki.

Sallah ma tana cikin lissafi, tunda daidai lokacin da ake kallon ne magariba ke shiga. Ku yi la'asar kafin ku hau, ku riƙe alwala, ku ce wa matuƙi ya juyo da zarar rana ta ɓace, za ku same ta a gaɓa da sauran lokaci, ga shi kun kuɓuce wa duhun da na faɗa. Kada sabo ya sa ki kalli gabas, daga Zanzibar alƙibla kusan arewa sak take. In kin fuskanci inda rana ta faɗi, alƙibla tana hannunki na dama. Wajen hawa ku karanta Bismillahi majreha wa mursaha, ta cikin Suratu Hud aya ta 41, ki koya wa yarinya ita ma ta faɗa.

Shi kuwa wancan mutumin, in kun sake ganinsa kada maigida ya tsaya cacar baki da shi a bakin ruwa, suna da yawa kuma garinsu ne. A bar wa manajan otal. Allah ya mayar muku da alheri, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ki turo mana hoton rigar da suka ba yarinya kafin ku hau, mu duba miki.