Yaron da ke birkicewa a gidan marayu: me za a yi idan abin ya taso?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina aiki a wani gidan marayu a Maiduguri. Akwai yaro ɗan shekara 14 da aka kawo mana daga sansanin 'yan gudun hijira, a gabansa aka kashe mahaifinsa. Shiru-shiru ne, amma da ya ji ƙara mai ƙarfi, ko an bugo ƙofa ko janareto ya yi harbi, sai ya birkice, ya yi ta jifa, ya ciji duk wanda ya taɓa shi. Maza biyu ke danne shi a ƙasa har ya lafa, sannan a kulle shi a ɗaki. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce taurin kai ne. Ni dai hankalina bai kwanta da dannewar nan ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba, kuma ina roƙon a daina dannewar nan daga yau. Idan aka kifa yaro rub da ciki, aka ɗora masa gwiwa ko nauyin jiki a baya, ƙirjinsa ba ya samun buɗewa, alhali a lokacin ne ya fi buƙatar iska saboda kokawar da yake yi. Yara sun mutu ta haka a gidajen kula da yara a ƙasashe daban-daban. Abin da ake gani kamar lafawa, wani lokacin numfashi ne ke ƙarewa. Ko yana iya magana, ba shi ke nuna yana numfashi yadda ya kamata ba.

Abin da ke damun yaron nan tsoro ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Wanda ya ga irin abin da yaron nan ya gani, mai gadin nasa ba ya runtsawa. Da ƙara ta tashi, jiki zai cika da sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugu, sashen gaba na ƙwaƙwalwa mai auna magana ya ja baya. Wannan sashen ma ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. A daƙiƙun nan yaron ba ya tare da ku, yana can ranar da aka kashe mahaifinsa. To ki duba yadda zai ɗauki ƙarti biyu da suka yo kansa. Nasiha ko tsawa a wannan hali ɗiban ruwa ne da kwando.

Idan abin ya taso, a fara janye sauran yara, a kawar da wuƙa, dutse, ko tukunya mai zafi. Mutum ɗaya kawai zai yi magana, wanda yaron ya fi sabawa da shi, ko da mai dafa abinci ce. Ki tsaya ta gefe, taku biyu ko uku tsakaninku, kada ki tare masa ƙofa. Ki durƙusa idan yana ƙasa, hannayenki a fili inda zai gan su. Kada ki taɓa shi, kada ki ce sai ya kalle ki. Ki sassauta murya, ki kira sunansa, ki gaya masa inda yake: “Kana gida, ni ce. Ƙarar janareto ce. Babu mai taɓa ka.” Sai ki yi shiru, can ki maimaita. Shirun nan ya fi komai wuya ga manya, don mun saba cewa idan yaro ya yi ɓarna dole a ce wani abu. Da kin ga kafaɗunsa sun fara sauka, ki ba shi zaɓi ƙarami: “Ruwa za ka sha, ko mu je gindin dogon yaro mu zauna?” Wanda aka taɓa ƙwace masa komai, ikon zaɓar ko da kofin ruwa yana dawo da shi hayyacinsa.

Riƙewa sai in rai na cikin haɗari, kamar ya ɗaga makami kan wani yaro. Ko a nan, a tsaye ko a zaune, ban da wuya, ƙirji da baya, a kuma sake shi da zarar haɗarin ya wuce. Kullewa a ɗaki ma a bar ta. A samar masa wuri mai shiru, ƙofa a buɗe, babba na zaune kusa.

Bayan ya huce, kada a titsiye shi sai ya ba da labarin abin da ya faru da iyayensa. Jagorar taimakon gaggawa ga waɗanda suka shiga tashin hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta hana matsa wa mutum ya yi magana. Washegari ki tambaye shi abin da yake so a yi masa in abin ya dawo. Ki ajiye ɗan littafi kina rubuta lokaci, abin da ya tayar, da abin da ya kwantar. Kafin wata guda za ki fara gane alamun tun da wuri: kai-komo, dunƙule hannu, zuba wa ƙofa ido. Mai tada janareto kuma ya riƙa sanar da shi kafin ya ja igiya.

Batun iska, ban hana addu'a ba, in yaron na so a zauna da shi a yi masa cikin natsuwa. Amma ban da duka, ban da turnuƙe shi da hayaƙi, ban da ɗaure shi da mari. Ba mu manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan horon kangararru a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ku kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan hanyar Baga, a duba shi, a kuma tabbatar ba farfaɗiya ba ce, musamman in yana sandarewa ko ba ya tuna abin da ya faru. In ya fara yanka jikinsa, ya daina cin abinci, ko ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi a ranar.

Mazan nan biyu kuma kada a yi musu faɗa a gaban jama'a. Wanda ya zauna a Maiduguri tun 2009, shi ma ƙara na iya tsinka masa zuciya. Ki zaunar da su, ku gwada matakan nan tsakaninku, ɗaya ya zama yaron, ɗaya ya zama mai lallashi, kafin ranar da za a buƙace su.