Eriyar waya a ƙaramin lambu: yadda za a kafa ta ta yi aiki

Tambaya: Na samu lasisin rediyon masu sha'awa, kuma ina da na'ura mai wat 100. Lambuna bai wuce mita 9 a tsawo da mita 5 a faɗi ba. Zan iya ɗaura eriyar waya in yi aiki a zangon mita 20 da na mita 40 (wato rukunonin siginar rediyo da ake kira da tsawon zangon siginarsu)?

Amsa: Malam, zangon mita 20 zai shiga lambunka ba wahala. Na mita 40 kuwa sai da dabara.

Fara da lissafi. Tsawon eriya mai hannu biyu, wadda ake kira daifol, ana samun sa ne idan aka raba 143 da yawan megahaz, wato ma'aunin saurin kaɗawar sigina. A megahaz 14.2, wanda ke cikin zangon mita 20, za ka samu kusan mita 10, wato mita 5 kowane hannu. Yanka mita 5.3, domin rage waya ya fi ƙara ta sauƙi. Wayar jan ƙarfe mai riga, irin ta wutar gida mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ta isa.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne tsakiyar eriyar. Nan ne wuta ta fi gudana, kuma daga nan mafi yawan sigina ke fita, saboda haka tsakiyar za ka ɗaga sama. Kafa sanda mai tsawon mita 7 a tsakiyar lambun, wadda ba ta ƙarfe ba, ka sauko da hannuwan biyu dama da hagu kamar harafin V da aka kife. Kada kusurwar da ke tsakaninsu ta gaza digiri 90, domin in sun matso kusa sai ɗaya ya riƙa kashe siginar ɗaya. A digiri 90 wayar za ta ci faɗin mita 7 da 'yan kai, bakinta ya tsaya wajen mita 3.5 daga ƙasa. Sa insuleta a kowane baki, ka ƙarasa da igiyar nailan zuwa katanga. Wannan tsayin dole ne: lokacin aika saƙo bakin wayar yana ɗauke da ɗaruruwan bolt, kuma yana ƙona hannun da ya taɓa shi.

A inda kebul ɗin da ke zuwa na'ura ya haɗu da wayar, naɗa kebul ɗin, samfurin RG-58, sau 10 zuwa 12 a zoben ferayit (wani abu mai jan maganaɗisu) samfurin FT240-43. In babu wannan, jikin kebul ɗin na waje sai ya zama wani ɓangare na eriya: ya kwaso hayaniyar caja da fitilun gida zuwa na'urarka, ya kuma shigo da sigina cikin ɗaki har makirfo ya riƙa tsikarar leɓe. Rufe mahaɗar da tef mai manne kansa. Ruwan da ya shiga kebul yana cin sigina a hankali, kuma sau da yawa awo ba ya nuna matsalar.

Gyaran tsawo ana yin sa ne bayan an ɗaga eriyar inda za ta zauna, domin awon da aka yi tana ƙasa yaudara ne. Duba inda SWR, wato awon da ke nuna dacewar eriya da na'ura, ya fi sauka. In ya fi sauka a ƙasa da megahaz 14.2, wayar ta yi tsawo. Rage santimita 5 a kowane hannu yana ɗaga wurin da ya fi sauka da kusan kilohaz 140. Lanƙwasa bakin ka murɗe shi a jikin wayar, kada ka yanke tukuna. SWR na 1.5 ya wadatar.

Zangon mita 40 yana buƙatar mita 10 kowane hannu. Sauko da mita 5 zuwa 6 na farko daga sandar, ragowar ka karya shi ya bi gefen lambun, ɗaya gabas ɗaya yamma, nesa da rufin kwano da shingen ƙarfe. Asarar ba ta da yawa tunda bakin waya ba ya fitar da sigina sosai. Amma a tsayin mita 7 siginar sama za ta nufa, don haka tashoshin da ke 'yan ɗaruruwan kilomita za ka fi samu. Wannan wayar takan yi aiki a zangon mita 15 ma.

Kafin ka kafa sandar, tabbatar ko ta faɗi ba za ta kai ga wayar lantarki ba. In hadari ya taso, cire kebul daga na'ura ka ajiye bakinsa a waje.