Amsa ga mai son a yi zane a bangon firamaren garinsu

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce ku samari ne a wani ƙauye ta wajen Gaya, kun ga yadda matasan birni ke haɗuwa su ƙawata bangaye da zane, kuna so ku yi irinsa a firamarenku da ɗakin shan magani, amma ba ku san ta inda za ku fara ba, kuma kuna tsoron kada manya su ce shirme ne ko haramun. Ni malamin firamare ne a ƙasar Birnin Kudu, na daɗe ina irin wannan aiki tare da samarin garinmu, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kada ku fara da sayen fenti. Ku fara da gaisuwa. Kowane bango da mai shi, ko da kuwa ka ga awaki ne kawai ke gogar jiki da shi. Na makaranta yana hannun hedimasta da kwamitin kula da makaranta, shi kuma hedimasta sai ya sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Na ɗakin shan magani yana hannun jami'in da ke kula da wurin. Amma kafin su duka, ku ɗauki mutum biyu ko uku masu natsuwa ku je wurin mai unguwa, shi zai kai ku gaban dagaci, daga nan ku zauna da liman. Kuma kada ku je da baki kawai. Ku zana abin da kuke nufi a takarda, da launinsa, ku miƙa musu su riƙe a hannu. Dattijo yana iya ƙin abin da aka ba shi labari, amma in ya gani da idonsa, galibi gyara zai yi muku, wanda kuma ya yi gyara a aiki ya zama mai tsaronsa. Na ga wani gari kusa da mu inda wasu baƙi masu aikin sa kai suka zo daga birni da kyakkyawar niyya, suka zana mata da yara manya-manya a bangon asibiti ba tare da sun shawarci kowa ba. Kafin a yi sallah an kankare fuskokin da ƙusa. Aikinsu ya yi kyau ƙwarai, illarsa ɗaya ba na mutanen garin ba ne.

Batun haramun da kake tsoro kuwa, kada ku yi jayayya da kowa a kai, don ba fagenku ba ne. Malamai sun yi bayani mai yawa kan zanen abu mai rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta in don koyarwa ne. Akwai kuma ruwaya a Bukhari inda Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Mu wannan hanyar muka bi a duk bangon da ke kallon titi, ba wanda ya taɓa ɗaga mana yatsa. A cikin aji, inda ake koyar da sassan jiki ko sunayen dabbobi, liman da kansa ya ce ba laifi. Abin da ya hana mu shi ne rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a bangon waje, saboda ruwa zai wanke shi zuwa kwata, dabbobi za su raɓe shi, wani ma ya tsuguna a gindinsa da dare. Na ga hikimar wannan hanin, kuma ina ba ku shawara ku kiyaye shi tun kafin a faɗa muku.

To, me za a zana? Nan ne nake so ka ba ni aron kunnenka. Yawancin samari waya suke buɗewa su kwaikwayi abin da aka yi a Legas ko Turai, sun manta cewa ƙawata bango sana'ar gidanmu ce. Je ka Gidan Makama a Kano, ginin da asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Dubi ƙofar fadar Sarkin Dutse da ke Garu, ka ga yadda launuka ke zaune da juna. Dubi tsofaffin zaurukan Zariya, garin da shahararren magini Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a a wajen shekarun 1830. Maginanmu na da suna fitar da dagi da takobi da sauran siffofi a jikin yaɓe tun yana ɗanye, su shafe da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, su ɗora zanko a saman soro. Mu nan Birnin Kudu ma muna da abin da ya girmi wannan duka, wato zanen shanu da mutanen zamanin da suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masu bincike suka fara rubuta labarinsa a shekarun 1950. Duk wanda ya ce maka zanen bango baƙon abu ne a ƙasar Hausa, bai duba zauren kakansa ba.

Saboda haka ku nemi gwanayen da ke cikin garinku. Akwai gardin da ke yi wa masu sauka zayyanar allo. Hannunsa ya fi na kowa iya jan layi da raba fili daidai, kuma shigarsa cikin aikin kaɗai takan kwantar da hankalin dattawa. Akwai mai ɗinkin hula da mai aikin wuyan riga. Akwai 'yan mata masu zanen lalle, waɗanda ko iyayensu ba su yarda su hau tsani a bakin titi ba, za su iya tsara furanni a takarda a gida, ko su yi wa ɗakin awo da na haihuwa ado daga ciki. Mafi kyawun gefen bango da muka taɓa yi, wata yarinya 'yar aji shida ce ta fitar da shi daga zanen lallen da take yi wa ƙawayenta. In akwai tsohon magini da ya rage, ku kai masa goro ku zaunar da shi a inuwa ya riƙa duba muku. Da ɗan gari akan ci gari.

A tsakiya kuma ku sa abin da yaro zai ƙaru da shi: taswirar Najeriya, taswirar jiharku da ƙananan hukumominta (Kano 44 gare ta, mu Jigawa 27), baƙaƙe da wasula, jadawalin sau, gero da dawa da riɗi da kuka da giginya. A ɗakin shan magani, buta da sabulu, gidan sauro, ranakun rigakafi. Rubutu ya zama gajere, da boko da ajami, domin mata da dattawa da yawa ajamin suka fi karantawa. Ku ba malamin Hausa ya duba kafin a shafa, kada a bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, yara su haddace kuskure daga bangon makarantarsu.

Shi aikin hannun ba shi da wuya in bango ya gyaru. A kankare tsohon fentin da ya ɓare, a toshe tsaga da ramuka da siminti, sabon filasta kuma a bar shi kamar mako huɗu ya bushe sosai. In ka ga fari-fari kamar kanwa a gindin bango, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, sai an gyara magudanar ruwa da indararo tukuna, in ba haka ba fentin zai kumbura ya zube. A fara shafa fari a ko'ina. Fenti mai ruwa ya fi araha da sauƙin aiki ga yara, amma daga ƙasa zuwa kamar ƙugun mutum ku sa mai mai, launi mai duhu, saboda fantsamar ruwan sama da hannun ɗalibai. Bangon laka kuwa kada ku shafa masa fenti mai mai, yana riƙe danshi a ciki; farar ƙasa da jar ƙasa sun fi dacewa da shi. Ku tuna kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon da ke fuskantar gabas shi ke shan dukan ruwa, don haka babban zanenku ya zauna a wani ɓangaren ko ƙarƙashin baranda. Don faɗaɗa zane daga takarda, ku ja layuka a tsaye da a kwance a kanta, ku ja irinsu manya a bango da zaren da aka shafa wa alli, kowane yaro a ba shi gidansa ya cike. Da haka wanda bai taɓa riƙe burushi ba ma zai sa hannu.

Lokaci mafi kyau shi ne da kaka, ruwa ya ɗauke, an kai amfanin gona gida, mutane na da ɗan abin hannu, samari ba su tafi ci-rani ba, ƙurar hunturu kuma ba ta yi ƙarfi ba. Ku yi da safe ko da la'asar. Ƙananan yara kada su hau tsani, kada kuma a sa su kankare tsohon fenti mai mai, domin wani yana ɗauke da dalma, ƙurarsa na cutarwa.

Kuɗi ku tara a tsakaninku da 'yan garin da ke aiki a birni, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a ƙofar dagaci. Ku mai da ranar shafen ta zama gayya, iyaye mata su dama kunu. Ɗan siyasa zai iya zuwa ya ce zai sayi fentin duka. In sadaka ce ku karɓa ku gode, amma in ya ce a sa sunansa ko alamar jam'iyya ko launinta, ku ba shi haƙuri cikin ladabi. Kun ga yadda aka yi da bangaye a zaɓen 2023. Da zarar bango ya zama na ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren zai zo da fasta da gam ya rufe shi.

In kun gama, ku rage kaɗan daga kowane launi, a rufe gwangwanin da kyau a ajiye a ofishin hedimasta tare da takardar zanen, a kuma naɗa ɗalibai biyu daga manyan aji su riƙa lura. Bayan kowace damina za a sami inda ya ɓare, gyaran yini ɗaya ne in kayan na nan. Ku fara da bango ɗaya, wanda ke kallon hanyar masallaci ko ta kasuwa, ku bar na ɗakin shan magani sai mutane sun saba da na farkon. Allah Ya taimake ku, ka gaishe min da sauran samarin.