Yadda za a koya wa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa su tambayi wahalar ƙuruciya

Tambaya: Ni malamar jinya ce a sashen masu taɓin hankali. An ɗora mini shirya horo na kwana biyu ga nas-nas da jami'an lafiya na al'umma, a kan yadda wahalar ƙuruciya da halin rayuwa suke shafar majinyata. Da yawan ma'aikatan suna cewa tono abin da ya wuce fama ciwo ne, ga kuma layi, ba lokaci. Da me zan fara, me zan bari?

Amsa: Malama, ki ba lacca rabin yini kawai. Sauran yini ɗaya da rabi ki sa su zauna uku-uku suna gwada yin tambayar da bakinsu: ɗaya ma'aikaci, ɗaya majinyaci, ɗaya yana sauraro yana rubuta inda aka kauce. Ma'aikatanki sun san maraici da duka da yunwa suna barin tabo. Abin da ke hana su tambaya shi ne nauyin baki, da tsoron a ba su amsar da ba su san yadda za su yi da ita ba. Allo da majigi ba sa maganin wannan.

A rabin yinin laccar, bincike ɗaya ya ishe ki ginshiƙi. Tsakanin 1995 da 1997, likita Vincent Felitti na Kaiser Permanente a San Diyego da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun tambayi manya fiye da 17,000 abin da suka gani kafin su kai shekara 18: duka, zagi da wulaƙanci, lalata da yaro, rashin kulawa, dukan uwa a gaban ɗa, mutuwar auren iyaye, mashayi ko mai taɓin hankali ko ɗan kurkuku a cikin gida. Kusan biyu cikin uku sun ga aƙalla ɗaya. Waɗanda suka haɗa huɗu ko fiye, yunƙurin kashe kai a cikinsu ya ninka na waɗanda ba su ga ko ɗaya ba kusan sau 12, kuma ciwon zuciya da na hanta da na huhu sun fi yawa gare su. Wannan shi ake kira binciken ACE, gajeren sunan wahalhalun ƙuruciya a Turance, kuma kowane abu ɗaya a jerin maki ɗaya ne. Dalilin ki faɗe shi a taƙaice: yaron da ya tashi cikin fargaba, jikinsa yana yawan sakin sinadaran tsoro irin su kotisol, har ya saba da zama cikin shirin gudu ko faɗa. Ya girma barci ba ya nauyi, ƙaramin motsi gabansa ya faɗi, sai ya nemi abin da zai kwantar da shi, sigari ko wiwi ko tiramol.

Daga nan ki ja musu kunne, domin nan horo da yawa yake karkacewa. Lissafin ACE an yi shi ne don auna jama'a. Anda da kansa ya yi gargaɗi a 2020 cewa kada a ɗauki makin a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi. Maki huɗu ba ya faɗin shekarun yaron lokacin da abin ya faru, ko sau nawa, ko akwai kakar da ta rungume shi. A tsibirin Kawai na Hawayi, Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a mafi munin hali, kusan ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da rayuwa mai kyau, kuma abin da ya yawaita a labarinsu shi ne babba ɗaya da ya tsaya musu. Sannan jerin na Amurka bai san harin 'yan bindiga ko gudun hijira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata jerin da ya ƙara rikicin unguwa da yaƙi da cin zalin tsara, shi ya fi kusa da mu. Idan wani ya ce ai wannan matsalar Turawa ce, ki nuna masa binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2014: kusan yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18, kuma mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an yi musu na lalata.

Yanzu tambayar kanta. Abu na farko, a fitar da ɗan rakiya. A asibitocinmu majinyaciya takan shigo da miji ko ƙanen uba ko uwar riƙo, wani lokaci wanda ya yi ɓarnar ne yake zaune kusa da ita yana amsa mata. A mai da shi ƙa'idar sashe: "Baba, ka ɗan ba mu minti biyar, haka muke yi wa kowa." Ba a tambaya lokacin da mutum yake cikin tsananin ruɗewa ko maye, a bari sai ya lafa. In da hali, mace ta tambayi mace.

A fara daga nesa. "Wa ya raine ki?" "A gidan wa kika tashi?" "Idan kin yi laifi, yaya ake hukunta ki?" "In abu ya dame ki kina ƙarama, wa kike faɗa wa?" Kada a ce "an taɓa cin zarafinki?", domin yawancin mutane za su ce a'a, wadda aka ɗaure aka zane har ta suma tana kiran abin tarbiyya. A ambaci aikin da sunansa: "An taɓa dukan ki har kika ji rauni?" "Kina yarinya, akwai babban da ya taɓa jikinki ta hanyar da ba ki so?" Kuma ki hana ma'aikatan zato. Riƙo ko almajiranci ko tashi a hannun kishiyar uwa ba su ne raunin ba. Akwai ɗan riƙon da aka gatanta fiye da 'ya'yan gida. Abin tambaya shi ne yadda zaman ya kasance.

Masu cewa fama ciwo ne suna da rabin gaskiya. Abin da ke cutarwa shi ne a matsa wa mutum sai ya zayyana komai, wa da wa, a wane ɗaki, sannan a sallame shi a kira na gaba. Idan majinyaciya ta ce e, ma'aikaci ya ajiye biro ya dube ta: "Na ji ki. Ba laifinki ba ne. Ba sai kin faɗi sauran yau ba." Kada ya yi saurin cewa "ki yi haƙuri, ƙaddara ce", ko da da kyakkyawar niyya, domin ita abin da za ta ji shi ne an ce ta yi shiru. Sai tambayoyi uku da ba a tsallakewa: wanda ya yi yana kusa da ita yanzu? Akwai yaran da ke hannunsa? Tana tunanin kashe kanta? In ta fara rawar jiki ko idonta ya kafe, a dawo da ita ɗakin: ta taka ƙasa da ƙafa biyu, ta ja numfashi a hankali, ta ambaci abubuwa biyar da take gani. A fayil a rubuta kaɗan, kuma da saninta, domin fayil hannu da yawa yake bi. Kada a rufe zancen da diyazifam, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da irinsa don firgicin da ya biyo bayan mummunan abu.

Halin yau kuwa tambayarsa ba ta cin minti biyu. Me aka ci jiya a gidan? Ina ake kwana? Wa ke sayen magani? Nawa ne kuɗin mota zuwa nan? Majinyacin da aka rubuta wa "ba ya bin magani" sau da yawa kuɗin ne ya ƙare a mako na biyu, kuma ƙara masa yawan ƙwaya ba zai cika aljihunsa ba. A tambaye shi kuma me shi yake ganin ya same shi. In ya ce iska ce ko sammu, ba gardama. A ji wurin wa ya je, me aka ba shi, an ɗaure shi ko an doke shi a can. Ki sa kowane rukuni ya rubuta shafi ɗaya a kan majinyacin gwajin: abin da ya faru da, abin da ya tayar da ciwon yanzu, abin da ke hana shi warkewa, da wanda yake tsaya masa. Na ƙarshen ne aka fi mantawa, alhali daga nan magani yake samun mariƙi.

Ki tuna alƙaluman 2014 sun haɗa da waɗanda ke zaune a ajinki. Ki sanar tun da safe cewa kowa na iya fita ba tare da bayani ba, kuma labaran gwaji ke za ki rubuta su, kada a ce wani ya kawo nasa.

Kafin ranar horo, ki tanadi takarda ɗaya mai ɗauke da inda za a tura mutum: jami'in walwala na asibiti, masanin halayyar ɗan Adam in akwai, cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe mafi kusa. Bayan horo, zaman awa ɗaya duk wata, kowa ya kawo majinyaci ɗaya da ya tsaya masa a rai. Bayan wata uku ki zaro fayil 20 ba zaɓe, ki ƙirga nawa ne aka rubuta wanda ya raini majinyacin da wanda ke saya masa magani.