A Ba Wanda Ba Musulmi Ba Dama a Shirin Addini na Rediyo?

Malam, ka tambaya ko a saka wanda bai yarda da addinin ba a shirin. Tafsiri da wa'azi fagen malamai ne, a bar musu. Shirin tattaunawa kuwa, a ba shi dama, musamman a Kebbi, inda masu saurare a ƙasar Zuru suka haɗa Musulmi, Kirista da masu addinin gargajiya.

Sai dai a naɗi shirin tukuna, edita ya saurara kafin a watsa. Kiran waya kai tsaye shi ke jawo rigima, domin kalmar ɓatanci in ta fita ba ta dawowa, kuma tashar ce hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, za ta hukunta. A tsayar da maudu'i ɗaya, kamar zaman maƙwabtaka, a raba mintuna daidai.