Ga mai shirin zuwa Dubai aikin kula da akwatunan kifi: fara da ɗaura famfo

Ƙanena, ka ce wani shagon kifin ado a Dubai ya yi maka tayin aiki, kuma abin da ka sani shi ne kiwon tarwaɗa a tankin siminti, kana tambayar me za ka koya kafin ka taso. Koyi yadda ake kafa famfo, wato ɗan injin da ke kaɗa ruwa a akwatin kifi, a jikin gilashi ya zauna daram. Ƙaramin abu ne a ido, amma shi ke yawan sa mai gida ya kira shago cikin fushi.

Famfon da ke kaɗa ruwa idan ya suɓuce, bakinsa yakan juya ƙasa ya tayar da yashi, ruwa ya turɓune, yashin ya rufe murjani, wato halittar teku mai kama da dutse da ake kiwo a akwatin. Idan kuma ya juya sama, sai ya riƙa watsa ruwa waje har akwati ya ragu, famfon ya yi ta juyi babu ruwa ya ƙone.

Yawancin ƙananan famfuna da robar tsotsa suke zuwa, wadda ake dannawa ta manne a gilashi. Abu uku ke kayar da ita: santsin gansakuka a jikin gilashi, taurin da roba ke yi idan ta daɗe a ruwa, da girgizar famfon kansa. Kafin ka manna, kankare wurin da reza har ka ji yatsa ba ya zamewa. Idan akwatin na roba ne mai kama da gilashi, kada reza ta taɓa shi, katin roba za ka sa. Robar da ta lanƙwashe ka jiƙa ta a ruwan zafi minti biyu zuwa uku, takan dawo siffarta. Danna daga tsakiya don iska ta fita ta gefe. Wadda ta yi fari ta ƙame kuwa, jefar da ita kawai. Kada ka yarda da masu cewa a shafa mata sabulu, abin zai shiga ruwa ya cuci kifi.

A ganina, duk akwatin da ya wuce ɗan ƙarami, maganaɗisu ya fi. Ɓari ɗaya ciki, ɗaya waje, gilashi a tsakani. Sai dai kowanne yana da iyakar kaurin da zai riƙe, kuma a nan sababbin ma'aikata ke tuntuɓe. Auna gilashin tukuna: milimita 6, 10, 12 ko 19. Misali, a famfunan VorTech, waɗanda injinsu ke zama a waje, samfurin MP10 bai wuce kusan milimita 10 ba, MP40 kuma yana kai wa 19. Ka ɗora ƙarami a gilashi mai kauri, zai riƙe yau, ya faɗi ranar da aka ƙara masa gudu. Wajen haɗawa, kawo ɓarin waje a hankali daga gefe, kada ka bari su haɗu da ƙarfi, suna iya fasa rufinsu ko su matse maka yatsa. Duba kada ƙwayar yashi ta maƙale a ƙarƙashi, domin da ka ja shi za ta zana layi a gilashi wanda ba ya gogewa. Kuma duk lokacin wanki ka dubi rufin ɓarin ciki: idan ya kumbura ko ya tsage, tsatsa ta fara fita, a ruwan gishiri kuwa wannan guba ce ga murjani da jatan lande.

Famfon da ya fara ƙara da rawa, sau da yawa ba maƙalarsa ce matsala ba, farfelarsa ce ta tara farin dutse. Kwance ta, jiƙa a ruwan khal da aka sirka da ruwa na ’yan sa’o’i, goge da buroshi, ɗauraye sosai.

Waya ma tana ja. Maƙale ta a bakin akwati ta yadda nauyinta ba zai sauka kan famfo ba, sannan ka bar ta ta lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya zuba ƙasa maimakon ya bi ta cikin wuta. Cire filogi kafin ka tsoma hannu, ko da aikin minti ɗaya ne. Wutar Dubai 230 ce, filoginta mai baki uku irin na Najeriya, amma idan wani ya sayo famfo daga Amurka, karanta jikinsa, da yawa na 120 ne.

Game da tafiyar kuwa, ka tabbata bizar aiki ce shagon zai yi maka ba ta ziyara ba, kuma a dokar ƙwadago ta ƙasar, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin ɗauka. Kafin takardu su fito, nemi mai sayar da kifin ado a Kano ko Abuja ka roƙe shi ka riƙa taya shi wanki, ka kwance famfo ka mayar har hannunka ya saba.