Tambayi Likitan Haƙori: Gyaran Jeren Haƙora da Muƙamuƙi

Likita, ɗana ya fara famfara, sababbin haƙoran suna fitowa a karkace. In damu? (Wata uwa daga Zariya)

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Famfara takan fara wajen shekara 6, kuma sau da yawa haƙoran kan daidaita yayin da muƙamuƙi ke buɗewa. Amma idan ya kai shekara 7, ki kai shi likita ya duba yadda na sama da na ƙasa ke haɗuwa.

Shekarata 34. Na makara da sa ƙarfen gyaran haƙori? (Wani malami daga Maraɗi)

Ba ka makara ba, Malam, muddin dasashinka lafiya yake. Sai dai na babba ya fi ɗaukar lokaci.

Haƙorana na sama sun turo gaba, ga bikina ya matso. Wata mai shagon kwalliya ta ce za ta sa mini ƙarfe da araha, wata uku sun koma. Ƙawata kuma ta ce in riƙa ɗaure su da roba da dare. (Wata budurwa daga Kano)

'Yata, don Allah kada ki yi ko ɗaya. Wannan abu ya ishe mu a asibiti. Mai lalle da kitso ina ruwanta da ƙashin muƙamuƙi?

Haƙori ba a kafe yake ba kamar ƙusa a katako. Saiwarsa tana zaune cikin ƙashi, wasu siraran zaruruwa na riƙe da ita. Idan aka matsa shi a hankali, ƙashin gefen da ake turawa yana narkewa kaɗan kaɗan, sabo yana tsirowa a bayansa. Shi ya sa aikin yakan ci wata 18 zuwa 24, wani lokaci fiye. In aka ja da ƙarfi don sauri, saiwar na iya cinyewa, jijiyar ta mutu, haƙorin ya yi baƙi ko ya fara girgiɗi. Robar nan kuwa ta fi muni. Takan silale ta shige ƙarƙashin dasashi ba ki sani ba, ta bi saiwa tana yanke abin da ke riƙe da ita, sai a wayi gari haƙoran gaba biyu suna lilo. A nan sau da yawa sai dai cirewa.

Kuma wa ya ce matsalarki a haƙori take? Wata haƙoranta ne suka kwanta gaba, wataƙila don tsotsar yatsa tun tana ƙarama. Wata kuma muƙamuƙinta na ƙasa ne bai girma sosai ba, sai na sama suka zama kamar sun turo. A ido duk ɗaya ne, amma maganinsu daban. Kafin likita ya manna komai, zai ɗauki hoton ƙashin fuska daga gefe da na dukkan haƙora, ya ɗauki awon baki, ya duba yadda turame ke haɗuwa wajen tauna, ya saurari gaɓar muƙamuƙi ko tana ƙara. In akwai kogo a haƙori ko dasashi na jini, shi za a fara yi wa magani. Wani lokaci sai an cire haƙori biyu ko huɗu don a samu fili. In bambancin muƙamuƙan ya yi yawa ga wadda ta gama girma, ƙarfe kaɗai ba zai isa ba, sai an haɗa da tiyata. Jera haƙoran gaba su yi kyau a hoto alhali ba ki iya tauna nama ba gyara ba ne.

Na san kuɗin aikin ba kaɗan ba ne. In babu hali yanzu, gara ki bar su yadda suke, mai son ki ai a haka ya gan ki. Ki je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba ki, ki ji abin da zai yiwu. In kuwa kin riga kin fara sa robar, ki daina, ki je asibiti gobe ko da ba kya jin ciwo. Gobe na ce, ba bayan biki ba.

Ina son wushirya. An ce akwai masu fiƙe haƙori su fitar da ita. (Wata daga Katsina)

Wushiryar da Allah ya ba mutum ado ce, ba ma taɓa ta sai mai ita ya nema. Ta fiƙewa kuwa ɓarna ce: farin ɓawon haƙori ba ya sake tsirowa, za ki gaji tsami da ruɓewa. In an riga an yi miki, ki zo a toshe.

An cire mini ƙarfe bara, yanzu haƙoran suna komawa. (Wani ɗalibi daga Jos)

Ina abin riƙewar da aka ba ka ka riƙa sawa da dare? Na san yana cikin aljihun jaka. Kada ka tura shi da ƙarfi in ya ƙi shiga, koma wurin likitanka a sake auna maka wani tun abin bai yi nisa ba.